Ƙuruciya da jarabar ƙwayoyi masu zaburarwa: abin da gwajin dabbobi ya nuna

A kusan kowane taron wayar da kai kan shaye-shaye, sai an ji wani ya ce kimiyya ta tabbatar ƙwaƙwalwar matashi ta fi ta babba saurin kamuwa da ƙwaya. Wanda ya bi diddigin maganar zai tarar rabinta daga ɗakunan gwaji na Amurka, Kanada da Faransa ta fito, inda ake gwaji a kan ɓeraye da birai. Zai kuma tarar bakin masu binciken bai zo ɗaya ba. A 2007 wasu masana a Kalifoniya sun ce ɓera matashi da babba duk ɗaya suke wajen shan hodar iblis. A 2013 wasu a kusa da Chicago suka ce a'a, matashin ya fi saurin faɗawa. Akwai ma binciken da ya nuna wanda ya fara da wuri ya fi saurin mantawa da ita.

Wannan saɓani yana da dalili. Kalmar "kamuwa" ta ƙunshi abubuwa da dama, kuma shekaru ba sa taɓa su daidai wa daida.

Waɗanne ƙwayoyi ake nufi?

Ƙwayoyi masu zaburarwa su ne masu tayar da jijiyoyin jiki: su kori barci, su rage jin yunwa, su sa zuciya bugawa da sauri. A cikinsu akwai hodar iblis, da amfetamin, da metamfetamin, da maganin Ritalin da likitoci ke rubutawa. Nikotin na taba da kafeyin na goro da gahawa ma zaburarwa suke yi, ko da yake ta wata hanya dabam. Tramadol da kodin ba sa cikin wannan gida. Dangin magungunan kashe zafin ciwo ne, don haka ba a ɗaukar sakamakon gwajin hodar iblis a ɗora musu kai tsaye.

Abin da ya haɗa manyan cikinsu shi ne dopamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen koya wa mai rai cewa abu kaza ya cancanci a sake nemansa. A bisa al'ada, in jijiya ta saki dopamin ya isar da saƙo, sai ta janye shi. Hodar iblis tana toshe hanyar janyewar, sai ya taru. Amfetamin kuwa ya wuce nan: yana tilasta wa jijiyar ta tuttuɗo da wanda ta adana.

Me ya sa sai an bi ta kan dabba?

Tun shekarun 1990 ƙididdiga a Amurka ke nuna cewa waɗanda suka fara ƙwaya da ƙananan shekaru sun fi zama 'yan jaraba daga baya. A birnin Dunedin na New Zealand, inda ake bibiyar rayuwar mutum sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, rahoton 2008 ya nuna waɗanda suka fara giya ko ƙwaya kafin shekara 15 sun fi shiga matsala da suka girma, har da waɗanda ba a san su da wata fitina ba tun suna yara.

Sai dai ƙididdiga irin wannan ba ta raba gardama. Shin farawa da wuri ne ke lalata yaro, ko kuwa yaron da dama yake cikin haɗari, saboda gado ko talauci ko rikicin gida ko abokai, shi ne ke farawa da wuri? Hanyar da za ta warware wannan ita ce a raba yara biyu da ƙuri'a, a ba wasu ƙwaya a hana wasu, abin da ba mai hankalin da zai yarda da shi. Da ɓera kuwa ana iya yi. Ana ɗauko 'ya'yan uwa ɗaya, abinci ɗaya, keji iri ɗaya, a bar shekaru kaɗai su bambanta su.

Ɓeran ɗakin gwaji yana rayuwa shekara 2 zuwa 3. Ana yaye shi yana da kimanin kwana 21, kuma ana lissafa shi babba daga wajen kwana 60. Linda Spear ta Jami'ar Binghamton a jihar New York, wadda nazarinta na 2000 ya zama madogarar wannan fanni, ta sa tsakiyar tashen balagarsa tsakanin kwana 28 da 42. A wannan tsakanin ɓera kan ƙara son wasa da sa'o'insa, da leƙe-leƙen sabon wuri, da ganganci. Wato abin da ke ɗaukar ɗan Adam shekaru, ɓera yana ratsa shi cikin mako biyu zuwa huɗu. A riƙe wannan, domin shi ne tushen wasu matsalolin da za su zo a gaba.

Yadda ake tambayar ɓera

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko James Weeks ne ya ƙirƙiro ta a 1962: a sa wa ɓera siririn bututu a jijiyar jini, a haɗa da madanni a cikin akwati, duk lokacin da ya danna sai ƙwaya ta shiga jikinsa. Shi da kansa ke yanke yawan abin da zai sha. Ana iya tsawwala masa farashi, a ce sai ya danna sau 10, sannan 50, sannan 100, a ga inda zai haƙura.

Ta biyu akwati ne mai ɗaki biyu masu kamanni dabam. A ɗaya ana yi wa ɓera allurar ƙwaya, a ɗayan ruwan gishiri. Bayan kwanaki sai a buɗe ƙofa ba tare da an ba shi komai ba, a ga inda zai fi zama. Wannan yana auna yadda ya ɗaure daɗin da wurin.

Ta uku akasin haka take aunawa. A ba ɓera ruwa mai zaƙi da bai taɓa sha ba, sannan a yi masa allurar ƙwaya. In ƙwayar ta ɓata masa jiki, gobe zai ƙi ruwan. Kowace ƙwaya mai zaburarwa tana tafe da daɗi da kuma wahala, irin su fargaba da tashin zuciya, kuma wannan gwaji ɓangaren wahalar yake kamawa.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A 1995 Martin Teicher da Susan Andersen na asibitin McLean da ke kusa da Boston sun ƙirga wuraren karɓar dopamin a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu shekaru dabam-dabam. Sun tarar a wani sashe mai kula da motsi da sabo, yawansu yana kai ƙololuwa a wajen kwana 40, sannan ya sauka sosai kafin girma. Kamar manomin da ke zuba irin gero da yawa a rami ne, in ya tsiro ya bi yana ragewa. Daga baya ɗakin gwajin Michela Marinelli ya nuna jijiyoyin da ke sakin dopamin sun fi saurin harbawa a lokacin tashen balaga fiye da bayan girma.

Sashen goshi na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne son rai, shi ne na ƙarshen nuna. Hotunan ƙwaƙwalwar mutane sun nuna yana ci gaba da sauyawa har bayan shekara 20. Cecilia Flores ta Jami'ar McGill a Montreal ta gano wani abu da ba a zata ba: a ɓeran gida, zarurrukan jijiyar dopamin suna kan hanyarsu ta zuwa sashen goshi har cikin tashen balaga, ba su gama isa ba. Da aka ba su amfetamin daidai da yawan da masu shaye-shaye ke sha a farkon wannan lokaci, sai wasu zarurrukan suka ɓace hanya, kuma dabbobin suka girma da raunin kame kai. Ƙaramin awo irin na likita bai jawo hakan ba, haka ma ba da ƙwayar bayan girma.

Inda aka yi ittifaƙi, da inda aka rabu

Sakamakon da ya fi maimaituwa a wannan fanni ba a kan daɗi yake ba. A kan wahala yake. Tun 1979 Spear da abokin aikinta suka lura ɓera matashi ba ya saurin ƙin ruwan zaƙin da aka haɗa masa da amfetamin. A 2006 Nicole Schramm-Sapyta ta Jami'ar Duke ta sami haka da hodar iblis. Ta kuma gwada da wani gishiri mai sa tashin zuciya wanda ba ya bugarwa ko kaɗan, nan ma matasan ba su koyi ƙin ruwan kamar manya ba. Ke nan abin ya wuce ƙwaya: jikin matashi ba ya ɗaukar darasi daga wahala da sauri. Da nikotin ma, Laura O'Dell da abokan aikinta sun nuna matasan ɓeraye ba sa jigata kamar manya in aka yanke musu shi. Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin kariya, amma masu binciken kishiyar haka suke gani. Wahalar farko ita ce ke korar mutane da yawa daga ƙwaya, kuma wanda bai ji ta ba ba shi da dalilin tsayawa.

Na biyu shi ne daɗewar sabo. A 2008 Heather Brenhouse da Andersen sun koya wa ɓeraye son ɗakin hodar iblis, sannan suka daina ba su. Manyan sun saki ɗakin bayan 'yan kwanaki, matasan suka daɗe suna komawa, kuma da aka ɗanɗana musu kaɗan daga baya sun fi manyan koma wa tsohon hali da ƙarfi.

A kan yawan sha ne rigimar take. Binciken 2007 na Kyle Frantz da abokanta a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya bai ga wani bambanci ba: matasa da manya sun koyi danna madanni cikin lokaci kusan ɗaya, sun sha kusan daidai. Na 2013 daga ɗakin gwajin Marinelli da ke kusa da Chicago ya kwatanta 'yan kwana 42 da 'yan kusan kwana 88, ya tarar matasan sun fi saurin farawa, ɗan kaɗan yana jan su, shansu yana hauhawa, kuma tsadar farashi ba ta korarsu da wuri. Da aka ba matasan maganin da ke lafar da jijiyoyin dopamin sai shansu ya sauko kamar na manya. Da aka zaburar da na manyan sai nasu ya hau. A Jami'ar Minnesota, ɗakin gwajin Marilyn Carroll ya sami irin wannan hauhawa da metamfetamin, amma sai da aka bar dabbobin da ƙwayar sa'o'i da yawa a rana.

Nan ne bakin zaren. Tun 1998 Serge Ahmed da George Koob suka nuna ɓeran da ake ba hodar iblis sa'a 1 a rana shansa ba ya ƙaruwa, wanda ake ba sa'a 6 kuwa kullum ƙarawa yake. Haka ma awo: in aka ba da mai yawa kowane ɓera zai so, babba da yaro, sai bambancin ya ɓuya. Binciken da suka ga tazara galibi su ne waɗanda suka gwada ƙaramin awo, ko dogon lokaci, ko tsadar farashi. Akwai kuma matsalar kalanda. Ana buƙatar tiyata, da kwanakin warkewa, da na horo, alhali duka tashen balagar makonni ne. Ɗakin gwajin da ya fara a kwana 30 da wanda ya fara a kwana 42 duk "matashi" za su rubuta, amma ba ƙwaƙwalwa ɗaya suke aunawa ba.

Duk da haka akwai sakamakon da wannan bayani bai share ba. An san cewa kwaɗayin hodar iblis a ɓera yana ƙaruwa ne cikin makonnin da suka biyo bayan yankewa, ba raguwa yake ba. A 2009, Frantz, wadda ta koma Jami'ar Jihar Georgia a Atlanta, ta tarar wannan ƙaruwa ta fi rauni a ɓerayen da suka fara suna matasa. A Jami'ar Utah kuma an nuna metamfetamin mai yawa yana yi wa jijiyoyin dopamin na ɗan kwana 90 lahani mai ɗorewa, alhali na ɗan kwana 40 suna tsira. Saboda haka cewa ƙwaƙwalwar matashi ta fi rauni ta kowace fuska ba daidai ba ne. Ta wasu fuskokin ta fi ta babba juriya.

Batun Ritalin

Tambayar da ta fi damun iyaye a Amurka da Turai ita ce ta yara masu lalurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, wadda likitoci ke kira ADHD. Miliyoyinsu suna shan Ritalin ko dangin amfetamin da izinin likita. Shin ana share musu hanyar jaraba ne?

Ɓeraye sun ba da amsa biyu masu karo da juna. A 2001 wasu masana a kusa da Chicago sun ba matasan ɓeraye maganin na mako ɗaya, da suka girma sai suka fi shan hodar iblis. A 2002 Andersen ta ba da shi tun da wuri, daga kwana 20 zuwa 35, kafin balaga, sai dabbobin suka girma ba sa marmarin hodar, har suna gudun ɗakinta. Tazarar mako biyu ta juya sakamakon. Dukansu kuma allura aka yi wa dabbobi masu lafiya, alhali yaro haɗiya yake yi, maganin ya shiga jini a hankali, kuma yana da lalurar da ake yi wa magani.

A 2012 masana a Jami'ar Wake Forest da ke North Carolina sun matso kusa da yanayin yara. Sun ba ƙananan birai maganin ta baki tsawon shekara guda, daidai awon asibiti, ba su ga sauyi a tsarin dopamin ba, ba su kuma ga ƙarin son hodar iblis ba. Shekara guda bayan haka wani nazari da ya tattara bincike 15 a kan mutum sama da 2,500 ya tarar maganin bai ƙara haɗarin shaye-shaye ba, bai kuma rage ba. Wannan magana ce ta wanda likita ya auna wa. Ɗalibin da ya sayi ƙwayar a bayan fage don kwana karatu lissafinsa dabam ne.

Keji ma yana da nasa

Shekaru ba su kaɗai ke aiki ba. A 2013 masana a Jami'ar Texas da ke Austin sun ware ɓeraye su kaɗai daga kwana 21 zuwa 42. Waɗannan sun fi saurin koyon son ɗakin da ake ba su amfetamin, sun kuma fi wuyar mantawa, kuma mayar da su cikin 'yan'uwansu daga baya bai gyara abin ba. Waɗanda aka ware daga kwana 42 zuwa 63 ba su nuna haka ba. Kaɗaicin iri ɗaya ne, tsawonsa ɗaya, lokacin da ya faɗo ne ya bambanta.

Wannan yana tayar da tambaya a kan sauran gwaje-gwajen, domin ɓeran da aka sa wa bututu sau da yawa shi kaɗai ake ajiyewa, ba shi da abin yi sai madanni. A Bordeaux ta Faransa, a 2007, da aka ba ɓeraye zaɓi tsakanin hodar iblis da ruwa mai zaƙi, kashi 94 cikin 100 ruwan suka zaɓa. A 2018 masana a Baltimore sun ba su zaɓi tsakanin metamfetamin da ɗan lokaci tare da wani ɓera, kusan duka suka zaɓi abokin. A Bordeaux ɗin dai, a 2004, bayan kimanin wata 3 ana sha, kashi 17 cikin 100 ne kawai suka nuna cikakkiyar jaraba, wato ci gaba da nema ko da ana haɗa musu da ɗan azabar lantarki a ƙafa. Adadin ya yi kusa da na mutanen da suka taɓa hodar iblis suka zama 'yan jaraba. Gwaji mai tsawon wata 3 kuwa ba ya shiga cikin tashen balagar ɓera. Kafin a gama ya girma. Don haka yawancin abin da aka auna a matasan dabbobi matakan farko ne na sha, ba jarabar da ta kafu ba.

Wani giɓin shi ne jinsi. Shekaru da yawa maza zalla ake gwaji da su, sai a 2016 hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken lafiya a Amurka ta wajabta wa masu neman kuɗinta su yi la'akari da jinsi. Mata suna balaga kafin maza a ɓeraye ma, saboda haka kwanakin da aka zana a sama ba lallai su dace da su daidai ba.

Me wannan ke nufi ga jama'a?

Abin da za a iya ɗauka ba tare da wuce gona da iri ba shi ne: akwai wani lokaci a girman dabba da ƙwaya ke shiga ba tare da gargaɗi mai ƙarfi ba, sabonta kuma ya daɗe. Wannan ya dace da abin da ƙididdigar mutane ke nunawa, kuma shi ne hujjar masu cewa ko jinkirta farawa da 'yan shekaru riba ce. Ga iyaye da malamai, yana nufin yaron da ya sha bai nuna alamar jigata ba, ba shaida ce ta cewa bai cutu ba. Ga masu wayar da kai, yana nuna tsoratarwa da wahalar da za ta biyo baya ba ita ce ta fi kama matashi ba. Ga cibiyoyin gyaran hali kuma, komawar matashi unguwar da ya saba sha da abokan da ya saba da su ba ƙaramin abu ba ne. Har yanzu hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wani magani na jarabar hodar iblis ko metamfetamin ba. Abin da ya fi nuna tasiri shi ne tsarin ba mara lafiya ɗan tukuici duk lokacin da gwajin fitsarinsa ya fito tsaf.

A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar 2017. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su tramadol da miliyan 4.6. Dangin amfetamin kimanin 238,000 ne, hodar iblis kimanin 92,000. Masu zaburarwa ke nan ba su ne kan gaba ba, ko da yake tun 2011 hukumar NDLEA ke gano wuraren dafa metamfetamin a cikin ƙasar.

Ban da goro da gahawa, abin zaburarwar da ya fi kusa da hannun yaro shi ne taba. A Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ɗakin gwajin Frances Leslie ya ba ɓeraye ɗan nikotin na kwana 4 kacal a farkon tashen balaga, sai suka fi saurin karɓar hodar iblis bayan haka. Manyan da aka yi wa haka ba su sauya ba. Amurka ta ɗaga shekarun sayen taba zuwa 21 a Disamban 2019. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta tsaya a 18, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara, wanda da shi ne mai kuɗin kashewa kaɗan ke iya farawa. Har yau ana sayar da shi haka a teburan bakin titi.